Akuyar Inna da Ciyawar Gidan Sola

Idan aka tambaye ni aikin da nake yi, nakan gyara murya in ce a cibiyar adana bayanai nake. Daga nan sai in ja bakina in yi shiru, in bar mutum ya ƙarasa sauran da kansa. Wasu su ɗauka injiniya ne ni, wasu har su miƙo min wayarsu in duba musu abin da ke damunta. Gaskiyar magana ita ce ni ke ɗaga ƙarfen ƙofa in mota ta zo, in sauke shi in ta wuce. Cikin ginin kuwa, inda aka ce kwamfutoci ne jere suna riƙe da hotuna da saƙonnin mutanen duniya, sau ɗaya na taɓa leƙawa, ranar da aka aike ni da tsani. Sanyin wurin ya sa min mura, na koma ɗakin gadina ban sake marmari ba.

Mutum ɗaya ne wannan gyaran murya bai taɓa kamawa ba, shi ne surukina. Ranar da ya fara ganina cikin kaki da hula, ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Soja." Tun daga ranar sunana ke nan a bakinsa. Ban taɓa sanin ko yabo ne ko shaguɓe ba, kuma ba ni da fuskar tambaya.

Baba, surukin nawa, makiyayi ne tun yana ƙarami. Dogo ne siriri, ba ya shiri da kujera. Ko dai ka same shi a tsugune, ko a tsaye ya jingina da sanda. Ya tashi a lokacin da bayan gari daji ne, mutum ya kora dabbobi tun safe bai gamu da katanga ba. Sai gari ya fara cin makiyaya a hankali. Yau a kafa gidan mai a inda yake shayarwa, gobe a yanka filaye a inda yake hutawa da rana. Shanu suka fara tafiya, saura tumaki, su ma kullum raguwa suke. 'Ya'yansa sun taɓa buɗe masa ɗan kanti na sabulu da ashana don ya huta. Sai ya riƙa barin kantin a buɗe yana bin tumakin mutane a titi yana duba musu kofato, dole aka rufe.

Matarsa, Inna, awaki take kiwo, shi kuwa ba abin da ya tsana kamar akuya. Ya ce akuya ba dabba ba ce, fitina ce aka yi wa ƙafafu. Duk zaman aurensu faɗan ke nan: awakinta sun ci masa harawa, tumakinsa sun shanye musu ruwa. Da Allah ya yi mata rasuwa aka raba awakin, sai wata tsohuwar ja mai karyayyen ƙaho ta rage, ba wanda ya so ta. Baba ya ce a bar ta nan kafin a samu mai ɗauka. Ba a sake tayar da maganar ba. Duk inda ka ga Baba da tumakinsa, za ka gan ta a gaba tana taku kamar ita ta haife su.

Yayan matata mutumin kirki ne, kuma irin kirkin da ba ya jin shawara. Ya gina wa Baba ɗaki a gidansa, ya sa fanka da talabijin da wata lafiyayyar kujera mai laushi. Ya ce daminar nan ce ta ƙarshe, in ba a samu tsayayyen wurin kiwo ba, a sayar da tumakin Baba ya zo ya huta. An kai Baba ya ga ɗakin. Ya ɗosana a bakin kujerar, ya yi godiya, ya ce yana da abin yi. Da muka koma gida matata ta ce min, "Baban yara, in aka zaunar da Baba a kujerar nan, ba zai ga baɗi ba." Na san gaskiya ta faɗa.

To, a bayan ginin da nake gadi akwai fili, iyakar ganinka farantan sola ne a jere kan ƙafafun ƙarfe. Su ke ba kwamfutocin wuta da rana, su cika batura don dare. Abin da masu ginin ba su yi lissafinsa sosai ba shi ne ciyawa. Ruwan sama yana gangarowa daga farantan, ga inuwa, sai ciyawa ta samu abin da take so. In ta yi tsayi ta tare wa farantan rana, in ta bushe kuma gobara take jira. Ana kawo masu injin yankan ciyawa, amma injin yakan harba tsakuwa ya tsaga gilashi.

Wata safiya Injiniya, matar da ke kula da filin, ta tsaya a ƙofa tana jira in ɗaga mata ƙarfe, tana waya tana cewa a wasu wurare tumaki ake sakawa su yi wannan aiki. Ni da ba a taɓa tambayata ko ƙarfe nawa ba, sai na tsinci kaina ina ƙwanƙwasa mata gilashi.

"Ranki ya daɗe, ai surukina makiyayi ne. Tumaki kuwa ba wanda ya kai shi saninsu."

Ta saurare ni har ƙarshe. Ta ce a gwada zuwa ƙarshen damina, da sharaɗi biyu. Ciyawa ta kwanta tun daga ƙofa har ƙarshen fili. Sannan ban da akuya, domin akuya tana hawa farantan kuma tana tauna wayar wuta.

"Akuya?" na ce, har da dariya. "Ai shi da akuya ba sa ga-maciji."

Ranar na shiga unguwa ina tafiya kamar ni na kafa kamfanin. Na kai wa Baba labari, na faɗi sharaɗin farko da babbar murya. Na biyun na yi niyyar faɗa, sai na ga jar akuyar kwance a gefen ƙafarsa tana tuƙa, na fasa. Na ce wa raina ai Baba mai hankali ne, zai gane da kansa.

Safiyar farko na hango ƙura, na hango tumaki, na hango Baba. A gabansu duka ga ta nan tana taku. Na fito da sauri na durƙusa, da kakina da hulata.

"Baba, barkanku da zuwa. Kun zo lafiya?"

"Lafiya lau, Soja. Buɗe mana."

"To, Baba. Wato dai, wurin nan akwai 'yar doka. Ba ni na kafa ta ba. Ita wannan ɗin ce."

"Wacce?"

"Ta Inna."

"Me ta yi?"

"Ba ta yi komai ba tukuna, Baba. Cewa suka yi irinsu na hawa kan kaya."

Ya daɗe yana kallon farantan. Bai yi musu ba, don ya fi kowa sanin halin akuya. Ya zaro igiya daga aljihu, ya ɗaure ta a jikin ginshiƙin ɗakin gadina, ya gwada ƙullin sau biyu.

"To ga amana, Soja. Ai gadi ne aikinka."

Haka na samu ƙarin matsayi ba tare da na nema ba. Ta cinye min burodi, ta tauna igiyar usur ɗina, ta yage gefen takardar da aka manna mai cewa a rage gudu. Direbobin da ke kawo kaya suka samu abin yi. Wannan ya ce an ba ni mataimakiya, wancan ya ce a cikinmu wa ke gaba da wani. In na yi mata tsawa sai ta dube ni da irin kallon da Inna ke min in na zo gaisuwa hannu rabbana, sai in ji na rage murya.

Ba wannan ne ya dame ni ba. Tumakin ne suka ƙi yin gaba. Kusa da ƙofa sun aske ciyawa tas har ƙasa ta fito, amma can ciki ciyawa ta kai ƙugu. Na samu Baba da maganar cikin ladabi, ina kewaye-kewaye.

Ya ce, "Sun saba da ita. In ba su hango ta ba, ba sa sakin jiki."

Na karɓi wannan magana hannu biyu. Da Injiniya ta tambaye ni, na gyara tsayuwa na yi mata bayani mai tsawo kan ɗabi'ar tunkiya, yadda take bin jagora, yadda zuciyarta ke da rauni. Ni da ko kaza ban taɓa kiwatawa ba. Ta ce ta ji, amma ciyawa ba ta jin bayani, in san yadda za a yi.

Sai dabara ta zo min, kuma har yau in na tuna irin daɗin da na ji da ita sai in rufe fuska. Doka ta hana akuya shiga, amma ba ta hana ta zagayawa ta waje ba. Ranar hutuna na zo na kwance ta, na ja ta muka bi jikin shingen waya ta waje. Aikuwa sai ga Baba ta ciki yana biye, tumaki na biye da shi suna ci. Na ce lallai kaina yana ja.

Abin da ban tuna ba shi ne rabin shingen a bakin babban titi yake. Ina jan akuya tana turjewa, gumi ya jiƙa min riga, sai wata bas ta rage gudu. Maƙwabcinmu tela, wanda na taɓa yi wa alkawarin sama wa ƙaninsa aikin kwamfuta, ya leƙo ta taga.

"Injiniya, sannu da aiki. Ita ce intanet ɗin?"

Duk bas ɗin ta ɗauki dariya. Kafin in koma gida labari ya riga ni, yarana suna tambayata ko gaskiya ne an mayar da ni sashen awaki.

Kuma duk wannan wahala gefe-gefe kawai aka ci. Filin ya koma kamar kan da wanzami ya fara ya gudu, an aske kewaye an bar tsakiya da ƙarshe. Injiniya ta kira ni ta nuna min hoton filin daga sama. Ba ta yi faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi min sauƙi.

Ta ce, "Tsohon nan yana burge ni, ko waya ɗaya ba a taɓa ba. Amma ruwa ya kusa ɗaukewa. In ciyawar can ta bushe a tsaye, ni za a tambaya. Ƙarshen wata zan kira masu inji."

Masu inji na nufin ba sauran kiwo, ba sauran kiwo kuma na nufin kujera mai laushi. Na kasa gaya wa matata, ta gane daga yadda na bar abinci.

Cikin makon sai Yaya ya matsa lallai a kai Baba asibiti a duba masa ido. Baba ya ce idonsa lafiya lau, Yaya ya ce mota na waje. Tumaki kuwa ba su san asibiti ba, dole su ci. Ranar ta dace da hutuna, don haka aka miƙa min sanda. Matata ta zo share wa Baba ɗaki, ta ce a bar mata akuyar a gida, ba za ta bari in sake zama abin kallo a titi ba. Na tafi ina tunanin yadda zan wuni da tumaki masu raunin zuciya suna kuka a bakin ƙofa.

Abokin aikina ya ɗaga mana ƙarfe yana danne dariya. Ban gama gyara riƙon sanda ba tumakin suka ture ni, saura kaɗan in sha ƙasa. Suka miƙe cikin layin farantan, ba wadda ta waiwaya, ba wadda ta nemi akuya. Na bi su da gudu ina haki har ƙarshen fili, inda ciyawa ta yi shar. Suka dulmiya kai ciki. Wunin ranar ban yi aikin komai ba, sai zama a inuwar faranti ina jin ƙarar taunarsu.

A nan zaune na lura cewa daga ƙarshen fili ba a hango ƙofa. Da yamma muna komowa, na ga wani ɗan wuri kusa da ƙofa inda ƙasa ta daddale, ga ramukan gindin sanda birjik. A nan Baba ke tsayawa kullum. Na je na tsaya a wurin, na ɗaga kai. Ta tsakanin layuka biyu, ginshiƙin ɗakin gadina ne ya fito sak.

Ashe tumaki ba akuya suke bi ba, Baba suke bi. Baba ne ba ya iya yin nisa.

Kunya ta fara kama ni, don na tuna dogon bayanin da na zuba wa Injiniya. Sai tausayi ya zo ya danne kunyar. Mutumin da ya shekara da shekaru yana zagin awaki, yau ga shi ya kasa juya wa guda ɗaya baya, kuma ya gwammace ya ɗora wa tumaki laifi da ya faɗa da bakinsa.

Na gaya wa matata. Ta zauna a bakin gado ta share ido da gefen mayafi.

Ta ce, "Sai ka gaya masa."

"Ni? In dubi surukina in ce masa me? Ke ce 'yarsa."

"Don ni 'yarsa ce ba zan iya ba."

Muka yi ta turawa juna har aka bar shi a kaina, kamar yadda ake barin komai. Na shirya kalmomi masu daɗi, na maimaita su a hanya, na maimaita a ɗakin gadi ina kallon bango.

Ban samu damar amfani da ko ɗaya ba. Washegari Baba ya zo kamar kullum, ya ɗaure akuyar, ya shiga, ya nufi wurin tsayuwarsa. Amma tumakin sun riga sun ɗanɗana ciyawar can. Suka wuce shi a guje, ya yi musu irin kiran da yake yi, ko ɗaya ba ta tsaya ba. Aka bar shi shi kaɗai a tsaye kan busasshiyar ƙasa, da sanda a hannu.

Ban san inda zan sa idona ba. Na ɗaga ƙarfen ƙofa ba mota, na sauke, na sake ɗagawa. Baba ya dubi inda tumakin suka ɓace, ya dubi ginshiƙi, sannan ya dube ni. Na sunkuya ina ɗaure igiyar takalmin da ba ta kwance ba. Da na ɗago, ya kama hanyar cikin fili a hankali. Da yamma ya kwance akuyarsa ya tafi, ko sai da safe bai ce min ba.

Gari na wayewa muka ji sallama a ƙofar gidan hayarmu. Baba bai cika zuwa gidanmu ba sai da dalili. Matata ta fita da sauri, na biyo ta ina saka maɓallin kaki. Tumaki sun cika lungu, shi kuma yana riƙe da igiya.

Ya miƙa wa 'yarsa. "Karɓi. Ta uwarki ce."

"Baba, ka bari mana tukuna, ai za a iya..."

"Na ce ta uwarki ce. Dama ajiya aka ba ni, ta daɗe." Ya juyo gare ni. "Soja, kada ka makara."

Ya kora tumakinsa bai waiwaya ba. Akuyar ta ja igiya har ta kusa fizge hannun matata. Ni kuwa na tsaya ina lissafin abin da zan gaya wa mai gidan haya, da maƙwabta masu shanya a tsakar gida. Gadin da nake yi da rana ya biyo ni har gida.

Ranar Baba bai tsaya a kusa da ƙofa ba. A allon kyamara na ɗakin gadi na ga ya wuce can ƙarshe, ya tsuguna a inuwa ya ba kyamarar baya. Da rana matata ta kira ni ta ce akuyar ta ƙi dusa, ta ƙi ganye, ta ƙi ruwa, ta kafa kai a ƙofa sai kuka. Da la'asar Injiniya ta tsaya da motarta ta ce ta zagaya ta gani, in aka ci gaba a haka ba ta bukatar masu inji, har baɗi ma a dawo. Na yi mata godiya kamar ni aka yi wa.

Na ƙosa yamma ta yi in ba Baba albishir. Sai ga su sun fito, cikin tumaki ya yi tim, wandon Baba duk ƙaiƙayin ciyawa. Na ɗaga ƙarfe na durƙusa, na zayyana masa abin da Injiniya ta ce. Ya gyaɗa kai kamar na ce masa gobe Laraba. Tumaki suka gama wucewa, shi bai wuce ba. Yana kallon bayansu ya yi magana.

"Soja."

"Na'am, Baba."

"Ta ci?"

"Ta ci, Baba. Har ƙari aka yi mata."

Ya ce, "Ƙarya ba ta karɓe ka ba. Ka ce wa yarinyar nan ta ɗauki kujera ta zauna kusa da ita. Ba ta iya ci ita kaɗai."

Ya bi tumakinsa. Ina tsaye da ƙarfe a sama har suka sha kwana, sannan na tuna cewa gidan da shi ma zai koma ba kowa a ciki.

Na kira matata na isar mata da saƙon. Na ce kuma ta zuba abinci a babban kwano, na mutum biyu, in na tashi zan biya in ɗauka in wuce wurin Baba.

Ta ce, "Kai? Kai za ka zauna ka ci abinci a gaban Baba?"

Na ce ni ma ban san yadda za a yi ba, ta dai zuba.